Tambayar Burtali

Ƙwaryar kindirmo ta uku ke nan da Sama'ilu ya dire a ƙofar Halliru tafinta, har yanzu Halliru bai yarda da shi ba. Bafulatani ya baro shanunsa a Roni, ya tako har Kazaure don ya koyi Turanci? Ruwa ba ya tsami banza.

Abin da ya fi damun Halliru, mutumin ba ya son gaisuwa, ba ya son ƙirga. Tambaya kawai yake so a koya masa. Kullum yakan iso ana kiran la'asar, ba ya wuce lokaci, ya zauna a miƙe kamar an dasa shi.

"In Bature ya amsa maka, yaya za ka gane?" in ji Halliru.

"Malam, kai dai koya mini tambayar."

Da farko Halliru ya koyar da gaskiya. Ya nuna masa yadda kalmar tambaya ke shiga gaba, sauran su biyo ta, murya kuma ta ɗan ɗaga a inda ya kamata. Sama'ilu ya ɗauke su da saurin da ya ba Halliru mamaki, amma ya ce a ransa ai kan Fulani ne.

Ranar ƙwarya ta huɗu Sama'ilu ya fito da abin da ya kawo shi. Joji, Baturen mulki, zai yi rangadi a Roni ranar Talata, shi kuma yana so ya tambaye shi da bakinsa me ya sa aka toshe musu burtali.

Bara, a shari'ar wannan hanyar shanu, Halliru ne ya tsaya tsakanin Fulani da Joji. Ardo ya ce kakanninsu ne suka fitar da ita, shi kuwa ya juya wa Bature cewa sun amince a nome ta, domin gonar surukinsa tana bakin wurin. In wannan tambaya ta shiga kunnen Joji, aikinsa ya tafi, da rawanin da mutuncin duka. Tsoro ya kama shi ƙwarai.

Sai ya gyara zama, ya haɗa wa Sama'ilu wasu kalmomi daban, masu cewa Fulani sun gode, sun yafe burtali har abada. Ya sa shi ya maimaita har suka zauna masa.

"Malam, wannan ba ta yi kama da na baya ba. Ka tabbata tambaya ce?"

"Ni zan koya maka ko kai za ka koya mini?"

Sau uku Sama'ilu yana neman ya tabbatar, sau uku Halliru yana rantsuwa. Bafulatanin ya ɗauki sandarsa, ya tafi ko ƙwaryar bai waiwaya ba.

Ranar Talata aka taru a gindin tsamiya. Halliru ya tsaya a gefen kujerar Joji yana ɓoye dariya, yana jiran ɗalibinsa ya yanka kansa da wuƙarsa. Da aka kira Sama'ilu bai tsuguna ba. Ya haɗa dugadugansa, ya sara wa Joji kamar soja, sannan ya buɗe baki. Turanci ya yi ta zuba, wanda Halliru da ƙyar yake kamo rabinsa, amma ya ji sunansa a ciki, ya ji kalmomin da ya koyar, ya ji shari'ar bara kalma bayan kalma. Joji bai nuna mamaki ba ko kaɗan, sai gyaɗa kai yake kamar mai jin labarin da ya aika a ɗauko masa.

Daga nan Sama'ilu ya juyo, ya yi wa malaminsa tambaya da Turanci, kalmar tambaya a gaba, komai a wurinsa tsaf: ina yake ajiye makullin ofis? Domin Saja Sama'ilu, wanda ya shekara uku yana yi wa hafsoshin soja tafinta a yaƙin ƙasar Bama, gobe zai kama aiki a madadinsa.