Faifan da Aka Raina

Tunda ka ce abin da ya tsufa ya gama amfani, bari in ba ka misalin wani mai gyaran rediyo. Allah ya ba shi kunne, kunnen kuma ya zame masa jaraba. Shi da abokansa ba waƙar ce ta dame su ba, sauti suke bi: shin ana jin numfashin mai busa, shin ana jin yatsa na goga tsirkiya? Da aka fito da wata na'ura mai karɓar kowane irin faifai, na da da na yanzu, har da masu tsadar nan da ake cewa ko allura ta faɗi a wurin ɗaukar sautin sai ka ji, bai huta ba sai da ya kawo ta gida. Ya sa aka ɗinka mata riga. Faifai kuwa sai ya hura shi, ya goge, ya ɗaga shi a haske, kamar mai sayen zinariya, kafin ya yarda ya shiga cikinta.

Ana haka mahaifiyarsa ta rasu. Mahaifinsa, tsohon makaɗin garaya, ya yi shiru tun daga ranar, ya kuma ƙi abinci. A kawo masa kunu, ya huce a gabansa, a ɗauke. Kullum ƙara ramewa yake, har 'ya'yansa suka fara tsoron za su yi rashi biyu a shekara ɗaya. Ɗan ya kinkimo na'urar zuwa ɗakin tsohon, ya yi kwana bakwai yana sa masa fayafayan da ya fi ji da su, sauti garau, amma tsoho bai ko juyo daga bango ba. Sai ƙanwarsa ta zo da wani faifai duk ƙarzane, wanda aka kwafo daga kaset ɗin da aka ɗauki kiɗan babansu a tsakar gida shekara talatin da suka wuce. Mai gyaran rediyo ya ce sa wannan ai cin mutuncin na'ura ne. Ta dai tsaya masa a kai, ya sa yana ɓata rai. Na'urar ta karɓa. Da fari ƙara ce kawai kamar ana suyar ƙosai, sai garaya, sai carar zakara. Can a bayan kiɗan kuma, inda ƙaramar rediyon gidansu ba ta taɓa fito da komai ba, sai ga muryar uwarsu: “Malam, kunun nan fa zai huce.”

Tsoho ya juyo. Ya daɗe yana kallon inda muryar ta fito, sannan ya ce, “Kullum haka take faɗa, ni kuwa kullum sai na gama kiɗa.” Ya miƙa hannu, ya ɗauki kofin kunun, ya shanye. Mai gyaran rediyo ya fita ƙofar ɗaki ya yi kuka, na tausayi da na kunya. Ni dai duk lokacin da na tuna wannan sai idona ya cika. Tun daga ranar faifan nan mai ƙarzane shi ne a saman sauran, kuma shi ake fara gogewa.

Ka ga, ba a banza Hausawa suka ce da tsohuwar zuma ake magani ba.