Kada Ka Rage Gudu

"Yaya, feda ta mutu! Ina takawa, wutsiya ba ta amsawa."

Muryar ƙanena ce a rediyo. Yana sama da jirgi mai saukar ungulu, da fasinja huɗu a bayansa. Ni makanike ne, ina tsaye a ɗakin masu ba da izinin sauka, ba abin da zan iya sai magana.

"Kada ka rage gudu," na ce. "Kana ragewa, zai fara juyi da kai kamar katantanwa. Farfelar wutsiya lafiyarta ƙalau, sandar da ke sarrafa ta ce ta kwance. Nufo dogon titin saukar jirage, ka sauka da jan ciki."

"Mai ya kusa ƙarewa. Sau ɗaya zan iya gwadawa."

"Sau ɗayan ya isa, Auta."

Ya yi wata dariya marar ƙarfi. "Da wani ne ya taɓa jirgin nan da safe, da tuni na fara salati. Amma hannunka ne."

Shugaban ɗakin ya juyo ya dube ni. "Malam, ko jirgin ba ka gani ba. Ya aka yi ka san sandar ce?"

Ta taga na hango jirgin yana gangarowa, hancinsa a karkace. Hannuna yana cikin aljihu tun ɗazu, ya damƙe ɗan fil ɗin da ke kulle notin sandar. Ni na zare shi da safe, na ce zan mayar in na gama shan shayi.