Lallen da Ya Sha Ruwan Firji

Ke da kullum kike cewa ba ki san komai ba sai abin da masana suka faɗa miki, matso ki ji misalin wata mata.

A wani gari mai zafi, inda ko ruwan randa sai ya yi ɗumi da azahar, an yi wani tela da ya taɓa yi wa budurwarsa alkawari a zauren gidansu. Ya ce in dai ta aure shi, ba za ta sha ruwan ɗumi a gidansa ba. Ta yi dariya, ta ɗauka daɗin bakin samari ne. Shekara huɗu da aurensu, sai ga shi ya shigo da firji na hannu, irin mai ƙofa biyu da ke haɗa ƙanƙara da kansa. Aka jawo masa ruwa daga tankin gidan da wani siririn tiyo, wanda ya bi gindin katanga a cikin yashi, ya shiga ɗaki ta wata 'yar kafa. Tun daga ranar, duk sa'ad da ya dawo daga shago, ita ke tarbarsa da kofin silba, ƙanƙara na kaɗawa a ciki kamar ƙararrawa.

Ana tsakiyar bazara sai ƙanƙara ta ɗauke. Wuta na nan, firjin na sanyi, amma kwandon ƙanƙara a bushe ƙamas. Telan ya kira mai gyara. Mai gyara ya zo da jakarsa, ya kwance nan, ya ƙwanƙwasa can, ya canza wani ƙarfe, ya ce a jira gobe. Gobe ta zo, babu ko ɗigo. Da ya dawo karo na uku sai ya goge hannu da tsumma, ya ce, "Maigida, kayan hannu ai sai haƙuri. Wannan ya gama yayinsa. Bayan la'asar zan zo da mai kura mu ɗauke shi, ko ƙarafunansa na mora."

Matar ta ɗan leƙo daga bakin ƙofa za ta yi magana, mai gyara ya riga ta: "Uwargida, wannan fa ba tukunyar miya ba ce."

Telan ya miƙe. Ya saka takalmi ya tafi shago, ko karin kumallo bai taɓa ba. Ita kuwa ta san ba firjin ne ke cin sa ba, maganar da ya yi a zaure ce yake ganin za a fita da ita a kan kura, a gaban maƙwabta.

Ta shimfiɗa tabarma kusa da firjin, ta kasa kunne. Ba ta san sunan ko ƙusa ɗaya a cikinsa ba, amma ta san muryarsa, don da shi take wuni. A da, in ya zubar da ƙanƙara, sai ya yi ƙas, sannan ya ja ruwa zuuu, kamar ɗan akuya a bakin kwatarniya. Yanzu ma ga ƙas ɗin ta ji, amma zuuu babu. Ta ce a ranta, wannan bai mutu ba, ƙishirwa yake ji. Sai ta bar kansa da kowa ke ta tonawa, ta kama tiyon ta bayansa, ta bi shi ta kafar bango, ta fita tsakar gida tana tone yashi da yatsa, har ta iso gindin lallenta. Lallen nan mijin ne ya kawo mata shi kwanan baya, a cikin rabin duro cike da ƙasa, ya dire shi a jikin katanga don ta taɓa cewa tana son ƙamshin furensa. Ta tsaya tana kallonsa. Duk shukar gidan ta yi yaushi, shi kaɗai ya yi kore shar, ga tururuwa na zarya a danshin gindinsa. Ta tuna tana share wurin kullum da safe tana mamakin laimar, ta kuma tuna a makon da ya iso ne ƙanƙara ta ɗauke. Ta ɗaura ɗamara, ta sa kafaɗa, ta mirgina duron. Ga tiyon nan a ƙasa, gefen gindin duro ya danne shi har ya tsage, ruwa na tsattsafowa yana bin ƙasa yana shiga hujojin gindin duron. Ta rufe famfon tanki, ta yanke wurin da ya tsage, ta tsoma bakunan biyu a ruwan zafi suka yi laushi, ta haɗa su da bututun tsohon biro, ta naɗe da roba tam. Da ta buɗe famfo ta koma ɗaki, ba a jima ba ta ji zuuu.

Bayan la'asar mai gyara ya iso da mai kura, telan na biye da su kansa a ƙasa. Mai gyara ya miƙa hannu zai zare waya ke nan, sai kwararab, ƙanƙara ta zubo a kwando. Ta ɗebo a kofin silba, ta fara miƙa wa baƙo, ta ce, "Malam, ga romon tukunyar miyar." Mai kura ya yi dariya har da riƙe ciki. Sannan ta juya ga mijinta da kofi na biyu, ta yi ƙasa da murya ta ce, "Kyautarka ce ta zauna a kan kyautarka." Ya karɓa, ya daɗe yana kallonta ta saman kofin kafin ya sha. Kura ta koma yadda ta zo.

Shi ya sa Hausawa suka ce, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.