Karen da Aka Ɗaure a Ƙofar Gida

Kafin ka yanke wa wani hukunci a kan lalurar da ba kai ke fama da ita ba, zauna ka ji wannan. An yi wata mata kurma, mai ɗinki, wadda ta ƙi yarda ta zama kaya a wuyan kowa. Da mijinta ya rasu ta ce a gidanta za ta zauna, kuma ta zauna ɗin, domin wata ƙungiyar kurame ta ba ta horarren kare. Aikinsa ba haushi ba ne. Wa zai yi wa haushin? In an yi sallama sai ya zo ya taɓa ƙafarta da hanci, ya kai ta ƙofa. Haka in tukunya ta tafasa, ko babur ya taho ta bayanta a hanyar kasuwa. Shekara uku ba ta roƙi kowa ya zama kunnenta ba. Sai yayanta ya ji ana tsegumi a majalisa, wai ƙanwarsa na zaune da kare a tsakar gida. Mutumin kirki ne, wallahi, sai dai bakin mutane ya fi komai ba shi tsoro. Ya zo da sarƙa ya ɗaure karen a ƙofar gida, ya ce ai nan ne wurin kare. Ta yi ta yi masa bayani da hannu, har da hawaye, ya ɗauka taurin kai ne.

Ran nan da azahar wuta ta kama dangar maƙwabta, ta tsallako rumfarta. Tana ɗaki a kan keken ɗinki, ta ba ƙofa baya. Mutane na ta ihu daga waje. Karen ya ji komai, ya yi ta fizgar sarƙa har wuyansa ya yi jini, bai kai gare ta ba. Sai da hayaƙi ya turnuƙe ɗakin ta farga. Ta tsira da ranta, amma keke da yadukan mutane sun tafi. Dangi suka taru suka ce to ga shi nan, kurma ba ta iya zama ita kaɗai. Aka mayar da karen inda ya fito, ita kuma aka kwashe ta zuwa gidan yayan. Tana can har yau, ko bakin titi ba ta zuwa sai an samu mai rakiya. Abin na ci mini rai. Shi ma yayan ya gane, amma a makare, ko ido ba ya iya haɗawa da ita.

Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman gira a rasa ido.