Allura Ta Koma Dama

Mukullin kan motar yana aljihun dattijo Rre Gaolatlhe, nan kuma ya yi niyyar ya ci gaba da zama. Mijin 'yarsa, Ontiretse, yana iya shiga ƙarƙashinta, yana iya cusa kai cikin bonet, amma kujerar direba ba zai hau ba.

Tsohuwar motar sojan Ingila ce, wadda ta girmi rabin mutanen garin Hukuntsi. Da ita tsohon yake kai wa shanunsa ruwa can ruga, tsakiyar yashin Kalahari, duk lokacin da injin rijiya ya lalace. Bana ya sake lalacewa, rani ya kai maƙura, ga shi motar ba ta tashi sai da turi. Ontiretse ya ce dainamon da ke cajin batir ne ya mutu. Ya shiga intanet, wajen masu gwanjon kayan soja, ya sayo altaneta, na'urar caji ta zamani, aka aiko da ita a kwali.

Gaolatlhe bai yi godiya ba. Ya taɓa kama surukin nan yana ɗaukar hoton motar da waya, ya kuma ji labarin Turawan da ke sayen irinta su jera a gida. Tun ranar ya yanke hukunci: yaron so yake ta mutu, a ce a sayar.

Yana zaune a kan galan a inuwa, ido a kan hannuwan Ontiretse. Ya ga ya cire dainamo ya ajiye a yashi, ya ɗaura baƙuwar na'urar. Ya ga ya daɗe a durƙushe wajen akwatin batir. Da ya tashi, tsohon ya je ya leƙa ko an musanya masa. Batirinsa ne, sai dai kawunan wayoyin sababbi, suna ƙyalli.

"Saura abu ɗaya, Baba," in ji Ontiretse yana goge hannu. "A buɗe mini gaba."

"Me ka ajiye a gaban?"

"Ɗan aiki ne a bayan allon agoguna, ba zai…"

"Ka ɗauki 'yata ban ce komai ba. Yanzu kujerata kake so?"

"Haba Baba, in kujera nake nema ai akwai masu laushi a gari."

"To koma garin ka zauna a kansu. Makaniken waya kawai. Wanda bai taɓa kwana da mota a daji ba shi zai koya mini motata."

'Yarsa Segomotso ta fito daga kicin da ludayi a hannu, ta ce, "Baba, ka bari ya gama magana mana."

"Ke kuma koma ga tukunyarki. Kaza ma ta san gidan da aka ƙyanƙyashe ta."

Ontiretse ya tattara sifanoninsa, bai tsaya cin tuwon dawar da aka tuƙa dominsa ba. Ya bi motar haya ya koma Kang wajen aiki, ya bar matar ta ƙara kwana.

Da safe tsohon ya buɗe ƙofa ya hau. Taɓawa ɗaya motar ta tashi, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Bai kula da wannan ba, domin idonsa yana kan agogon caji. Tun yana saurayi ya san karatunsa: dama lafiya, hagu batir yana zuba. Allurar ta kwanta hagu. Ya taka totur, ta ƙara kwanciya.

Sai ya yi dariya marar daɗi. Ashe haka aka shirya. A bar shi ya nutsa cikin yashi, abar nan ta tsotse batir, mota ta mutu inda ba mai turi, shanu su bi ta. Daga nan sai a zo da fuskar tausayi a ce, Baba, ai lokacinta ya yi.

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Ya ga sunan Ontiretse, ya kashe. Ta sake, ya sake kashewa.

Ya ɗauko sifana. Hannuwansa sun san hanya. Ya kwance altanetar ya wurga ta cikin kejin awaki. Ya ɗauko tsohon dainamonsa, ya hure yashi, ya wanke shi da fetur, ya mayar mazauninsa, ya ɗaure fambel. Ya hau ya tayar.

Allura ta koma dama.

"Segomotso, zo ki ga aikin mijinki, ki ga na ubanki."

Ta leƙa ta taga. Ita ba ta san karatun agogo ba, amma ta ga fuskar mahaifinta ta saki, rabon da ta ga haka tun kafin aurenta. Ta taya shi cika tankin ruwa, ta miƙa masa kindirmo a gora. Ya kunna manyan fitilu da rana tsaka don maƙwabta su shaida, allurar ma kamar tana taya shi, ta ƙara matsawa dama. Ya fita gari yana danna ham, ya saki kwalta, ya kama hanyar yashi, wadda mutum kan yi kwanaki bai haɗu da kowa ba, waya kuma ba ta kamawa.

Sai da ƙurarsa ta kwanta sannan Segomotso ta kira mijinta, muryarta da ɗan sanyi.

"Ka yi haƙuri, ya cire abinka. Wai allura ta kwanta hagu. Ya mayar da nasa, ta koma dama, har ya tafi ruga."

Ontiretse ya tambaye ta ko tsohon ya yi nisa. Ta ce ya yi.

"Nemo mai mota yanzu, ko ta waye," ya ce. "Altaneta ba ta aiki sai an juya wayoyin batir, na kuma juya su. Na bayan agogon ne ya hana ni juyawa. Allurar a baibai take karatu, Segomotso. Hagu caji ne, dama kuwa batirin ne yake mutuwa."