Shekara Uku a Marseille

Awa tara jirgin ruwan zai tsaya a Marseille, kuma awa taran nan su suka hana Boubacar sakat har wata biyu.

Sauran garuruwan ba su dame shi ba. A Barcelona da Napoli kamfanin jirgin yana da motoci da ɗan jagora mai ɗaga tuta, ka bi shi ka sha kallo ka dawo kafin jirgi ya tashi. 'Yarsu Rahina ce ta shirya tafiyar, don ta fara aikin jinya ta ce sai iyayenta sun huta. Takardun jirage uku ta kawo gidansu na unguwar Highbridge a birnin New York, uwarta Zeinabou ta ɗora yatsa kan guda, sauran biyun ko buɗe su ba ta yi ba. Da aka zo zaɓen yawon Marseille, sai ta dafe hannun 'yar.

"Nan ba mu son ɗan jagora. Babanki shekara ukku ya yi a garin, ya san shi kamar yunwar cikinshi. Shi za ya kai ni har gidan da ya zamna."

Boubacar ya yi murmushin yaƙe, ya ajiye kofin shayinsa.

Gaskiyar magana, bawan Allahn nan bai taɓa taka ƙasar Faransa ba. Shekara ukun a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, can ƙasar Benin, ya yi su, yana wanke tsofaffin motocin da ake saukewa daga Turai. To amma lokacin yana neman Zeinabou, ita kuwa ma'aikaciya ce a gidan wayar Maraɗi, manemanta har da malamin makaranta mai babur. Mai wankin mota ba zai kai labari ba. Sai ya samu wani tsoho mai rubuta wa mutane wasiƙa a Kwatano. Yana faɗa tsohon yana rubutawa, a sa Marseille a sama da kwanan wata, tsohon ya liƙe ya jefa masa a gidan waya. Har hoto ya ɗauka cikin kwat ɗin aro, gumi yana bin bayansa. Aka yi aure, aka zo Amurka, ƙaryar ta biyo su ta yi ƙiba. Yanzu duk 'yan'uwansa direbobin tasi masu jiran layi a filin jirgin sama na JFK Ɗan Marseille suke kiransa.

Dariyar direbobi da sauƙi. Abin da yake tsoro shi ne ya tsaya a tsakiyar titi bai san gabas ba bai san yamma ba, matar da ta yarda da shi shekara ashirin da uku tana kallonsa.

Ya fara neman hanyar zillewa. Ya ce gwiwarsa ta tashi, ta sayo masa man zafi da sanda. Ya ce ranar Juma'a ce, gara su zauna cikin jirgi, ta ce ai shi ya fi kowa sanin masallacin garin. Ya ce ya ji an rushe unguwarsu, ta ce ko filin ne tana son ta gani. Duk a natse take faɗa, tana tsince shinkafa.

Da ya ga ba mafita sai ya kama karatu. A filin jiran fasinja, wasu na barci wasu na musun ƙwallo, shi yana bin titunan Marseille a waya lungu-lungu. In jirgin Paris ya sauka ya ɗauki Bafaranshe, kafin su kai Manhattan ya tatse shi da tambaya. Ya sayi littafi ya tsara komai: ƙarfe tara tsohuwar tashar kwale-kwale, ƙarfe goma ɗan jirgin ƙasa na yawo zuwa cocin da ke kan dutse, azahar kasuwar Larabawa da abincin halal. Ya ma samu wani fili da ake sabon gini, ya naɗa shi tsohon gidansa.

Ranar Lahadi da safe, saura kwana huɗu tafiya, ya zaunar da ita ya karanta mata tsarin tun daga farko, har yana nuna kwana da hannu. Shi kansa ya ji daɗin kansa. Zeinabou ta saurara har ƙarshe, ta ce wallahi kamar jiya ya baro garin.

Sannan ta shiga ɗaki ta fito da gwangwanin alewar da take ajiye wasiƙunsa, wanda ba ta taɓa bari ya buɗe ba.

"Baban Rahina, riƙe wannan a aljihu, ko za ta tuna maka hanya. Ita ce ta farko."

Ambulan ya yi ja don tsufa. Boubacar bai taɓa ganin wasiƙarsa a liƙe ba sai yau. A kusurwar sama ga kan sarki na ƙasar Benin, ga hatimin gidan wayar Kwatano ɓaro-ɓaro, an zagaye shi da jan biro irin na ma'aikatan gidan waya. Ya juya bayan. Rubutun Zeinabou ne, da kwanan watan shekarar 1992: "Kwatano yake. Zan aure shi, amma wallahi wata rana sai ya kai ni Marseille ɗin."