Gurbinsa a Dara

Yana tsakiyar wasan dara a bakin kasuwar Isa 'yan sintiri suka ɗaga shi cak, saboda galan ɗin fetur na injin ban-ruwansa. Jiya-jiya aka kafa dokar hana ɗaukar fetur a galan.

Ranar da aka hana hawa babur, shi ne ya ce, "Ba da mu ake ba, ku yi wasa." Da aka yanke layin waya, aka kwashe maƙwabcinsa ba tambaya, haka ya maimaita.

Yau, daga bayan motar 'yan sintirin ya ƙwala kira: "Jama'a, tare munka tashi! Ku yi magana mana!"

Ba wanda ya ɗago kai. Amininsa ya matso gurbinsa, ya gyara zama.

"Ba da mu ake ba," ya ce. "Wa ke da wasa?"